Sawun Yatsu a Shagon Baba Mai Hoto

Ranar da aka kai Baba Mai Hoto asibiti za a cire masa yanar ido, ranar aka buɗe shagonsa da safe aka tarar an yi wa kwamfuta fiɗa. Ƙofa a kulle take, kwaɗo ko ƙwarzane babu. Kyamarori na nan a rataye, injin buga hoto na nan a mazauninsa. Amma an kwance gefen akwatin kwamfutar, an zare faifan ajiya, ɗan ƙarfen nan da bai fi tafin hannu ba, wanda duk hotunan shagon ke cikinsa.

Ba kuwa hotunan jiya da shekaranjiya ba. Tun Baba yana saurayi yake ɗaukar mutanen unguwar, jarirai da ɗalibai da tsofaffin da suka daɗe da barin duniya, har da matarsa, Allah ya jiƙanta. Wata shekara ruwan sama ya fasa rufin sito ya lalata tsofaffin fim ɗin kaf, sa'a ɗaya an riga an kwashe su zuwa kwamfuta. Ba su da kwafi a ko'ina. An sha cewa za a yi, ana ta sai gobe, sai jibi.

Kan ka ce kwabo layin ya cika a ƙofar shago, kuma kowa ya zama alƙali.

"Ƙofa ba a fasa ba, ai magana ta ƙare," in ji mai walda, maƙwabcinsu na hagu. "Da ɗan gari akan ci gari."

Babban ɗan Baba, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, bai jira an ƙarasa masa karin maganar ba. Ya juya ya nuna mijin ƙanwarsa da yatsa. Shi ne ke aikin kwamfutar, shi ya kulle shago jiya, kuma shi ya yi ta nacin cewa sai an cire faifan nan an canza, har suka yi cacar baki a kai. Mutumin ba ya magana sai dole, shi ya sa layin ya sa masa suna Shiru-shiru. Yau shirun nasa ya zame masa laifi.

"Ka fito da shi kafin a kwance wa Baba ido," in ji Yaya, jijiyar wuyansa ta miƙe. "In ba haka ba, wallahi 'yan sanda ne za su raba mu. Kuma kada wanda ya kuskura ya gaya wa Baba."

Auta, ƙanwar Yaya kuma matar Shiru-shiru, tana tsaye a tsakaninsu, gaba kura baya sayaki. Ta dubi mijinta ko zai ce wani abu. Ya ce, "Ban ɗauka ba," ya ja bakinsa ya tsuke. Haushi ya kama ta, tsoro ya fi haushin yawa, domin ta san in aka kai shi gaban 'yan sanda sau ɗaya, ko an sake shi sunan ɓarawo ya bi shi ke nan, ya bi 'ya'yansu har makaranta.

Ba ta shawarci kowa ba, ta tare mai babur ta nufi kasuwar masu gyara.

Akwai wata mata a can, a wani ɗan lungu bayan masu sayar da waya, ana ce mata Mai Sawu. Gyaran kwamfuta ne sana'arta, amma abin da ya fito da ita shi ne ba ta taɓa na'ura sai ta gama bin sawun duk wanda ya taɓa ta kafin ita. Doguwa ce, tafiyarta a hankali kamar ba ta son ƙasa ta ji ciwo, tabarau rataye a wuya, jaka kuwa ka rantse ta matafiyi ce.

Ta saurari Auta har ta gama, ba ta katse ta ko sau ɗaya ba.

"An share shagon?"

"A'a, Anti."

"Madalla. Ƙura ba ta da dangi, ba ta kare kowa. Mu je."

Da suka iso, ta kori kowa daga ciki, har Yaya. Ya so ya yi gardama, ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Ƙanina, in kana son aikin, tsaya a bakin ƙofa. In kana son surutu, ga mai walda nan." Dariya ta kuɓuce wa mutane, Yaya ya ja da baya yana huci. Auta kaɗai ta bari, ita ma don ta riƙe mata tocila.

Ta durƙusa gaban akwatin ta daɗe tana kallo, hannuwanta a baya. Auta ta ƙagu, amma ganin yadda matar ke bin kowane lungu da ido sai ta ji zuciyarta ta ɗan kwanta.

"Dubi nan," in ji Mai Sawu. "Wayoyin an zare su ne a hankali, ba a fizge ba. Ina notunan?"

Suna kan tebur, cikin murfin gilashin kyamara, an jera su reras, manya gefe ɗaya, ƙanana gefe ɗaya.

"Ɓarawon naku akwai tarbiyya," ta ce. "Mijinki haka yake ajiye noti?"

"Shi? A aljihu yake zubawa, ni nake tsince su in zan yi wanki."

Mai Sawu ta yi ɗan murmushi. Ta karɓi tocilar ta kwantar da haskenta a jikin kantar da ta bi bango zuwa can ciki, ta bi ta taku-taku har ƙarshe, inda wata tsohuwar ƙofa take a kulle. Ta tambaya, Auta ta ce ɗakin wanke hoto ne na zamanin fim, an yi shekaru ba a shiga, makullinsa yana wajen Baba. Mai Sawu ta jingina kunnenta da ƙofar, ta ɗan jima, sannan ta miƙe ta kakkaɓe zaninta.

Ta sa aka kira Shiru-shiru. Ya zauna a bakin benci, hannuwansa tsakanin gwiwoyi.

"Ba ni labarin ciwon na'urar tun farko."

Abin mamaki, a nan bakinsa ya buɗe. Ya ce da farko nauyi ta fara, in ya buɗe tsohon hoto sai ta tsaya kamar tana tunani. Daga baya sai allon ya koma shuɗi ta mutu, a kunna ta tashi, a yi aiki kaɗan ta sake mutuwa. Ya share mata ƙura, ya duba fanka, ya canza wayar wuta, duk a banza. Sai kwanan nan ya fara jin wata ƙara daga cikinta, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana taɓa cokali a faranti.

"To ka yi me?"

"Na ce a daina kunna ta har a sayo sabon faifai a kwashe. Yaya ya ce aiki ba zai tsaya ba. In ta mutu ya kunna, in ta mutu ya kunna."

"Gaskiya ka faɗa masa. Faifan da ya fara wannan ƙarar kwanansa ya kusa ƙarewa, kowace kunnawa rage masa rai take yi." Ta gyara tabarau. "Wa ka taɓa nuna wa cikin akwatin nan?"

Shiru-shiru ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ba kowa."

Auta ta ɗago kai ta dube shi. Ta san mijinta, bai iya ƙarya ba, kuma yanzu ya yi ta a gabanta. Ta ji kamar ta kurma ihu. Mai Sawu kuwa sai ta gyaɗa kai kawai, ta ce ya je.

Yaya ya tare ta a waje da wani sabon zato. In ba mijin Auta ba ne, to mai walda ne, domin sun daɗe suna rigima, duk lokacin da ya tada injinsa wutar shagon sai ta yi ƙasa. Mai Sawu ta je ta same shi yana shirin haɗa wata ƙofa.

"Ni? Hajiya, ni da zan cire abin nan ai da wuta zan yanko shi. Dubi yatsuna, waɗannan ne za su kama notin da bai kai ƙwayar shinkafa ba?"

"Makon jiya ka yi aiki?"

"Ina fa! Injina ya ƙone, zaman kashe wando na yi ta yi."

Ta juya ga Auta. "Makon jiya kwamfutar ta mutu?"

"Ta mutu, har ma ta fi kullum."

"To malam mai walda, ka fita. Ba wutarka ke kashe ta ba, ciwonta a ciki yake."

Mutumin ya washe baki, ya ce yau dai an wanke shi daga zargin da ya daɗe yana sha.

Saura tela, matar da ke ɗinki a shagon dama, wadda ba abin da ke wuce ta a layin. Ta ce jiya bayan faɗuwar rana, Shiru-shiru ya kulle ya tafi, ita tana ƙarasa wata riga, sai ta ji motsi ta bango. Ta leƙa ta gilashin ƙofar, duhu ƙirin, ta ce ɓera ne ta koma.

"Ba ki ga haske ba? Ko na tocila, ko na waya?"

"Ko ƙyalli. Ai ɓarawo ba ya kunna fitila."

"Ba ya kunna ta sama," in ji Mai Sawu. "Amma ba ya kwance noti a duhu."

Ta tsaya a tsakiyar layin tana goge tabarau da gefen gyale. Sannan ta tambayi Auta ko an sallamo Baba. Aka ce yana gida tun da rana, idonsa a ɗaure.

"To a tara min kowa a ɗakinsa."

Yaya ya yi tsalle ya dire. Ya ce a kan me za a tada hankalin tsoho mai ɗanyen aiki a ido? Mai Sawu ta ce, cikin sanyin murya, in bayan tambaya ɗaya ba a ga faifan ba, ita da kanta za ta raka shi wajen 'yan sanda. Auta kuwa ta riga ta ba matar nan amana, ba ta da wata igiya da za ta kama.

Da la'asar sakaliya aka hallara. Baba yana jingine da matashi, auduga da filasta a idon da aka yi wa aiki, ɗayan kuma dama yanar ido ta rufe shi, sai inuwa yake gani. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Tela da mai walda suka raɓe a gefe da sunan dubiya. Shiru-shiru ya zauna a ƙasa can nesa, Auta kusa da ƙafar mahaifinta.

Mai Sawu ta gaishe shi da jiki, ta ce ita mai gyara ce, an kira ta ta duba kwamfuta.

"Baba, tambaya ɗaya ce da ni. Abin da ka ajiye a firijin ɗakin wanke hoto, a me ka sa shi?"

Baba ya juyo da fuskarsa wajen muryar, sai ga murmushi ya bazu a kanta.

"Kai! Wace ce wannan mai hanci haka? A gwangwanin fim na sa shi, 'yar nan. Na naɗe shi da baƙar takarda, na zuba 'yan ƙullin nan masu shan danshi, na bi bakin da salatif."

"Baba!" Yaya ya ce. "Kai ka cire?"

"To wa zai cire? Ba ni da makullin shagona ne? Kuna ta ƙus-ƙus a bayana, wai kada Baba ya ji. Ido na rasa, ba kunne ba. Ina jin abin yana ƙas-ƙas, ina jinka kana ta kunna shi kamar mai tada jaki. Na ce zan shiga asibiti, in na fito kun ƙarasa min shi. Fim in kana son ya daɗe sanyi kake ba shi, sai na ce wannan ma ya je ya huta har in dawo."

"A duhu, Baba?" in ji tela.

"Ke kuma! Ni da na yi rayuwata ina ɗura fim a duhu, ina kwance kyamara ina ɗaurawa? Duhu ai ɗakina ne."

Mai walda ya tafa hannu ya ce lallai tsoho ya yi abin a sara masa. Mai Sawu ta bayyana musu yadda ta gane. Jera noti a murfin gilashi ɗabi'ar mai gyaran kyamara ce. A kan kantar kuma ta ga sawun yatsu huɗu a ƙura, layi ɗaya ba yankewa, daga kwamfuta har ƙofar ɗakin, kuma mai gani ba ya lalubar hanya. Da ta sa kunne, sai ta ji firiji yana gurnani a ɗakin da aka ce an yi shekaru ba a shiga.

"Abu ɗaya ya rage min," ta ce. "Ya aka yi ka san wanne ne faifan?"

"Surukina ne ya nuna min. Wata rana na ce masa, ɗan nan, ina hotunan uwarku suke a cikin abin nan? Ya buɗe, ya kama yatsuna ya ɗora a kai. Ina yake ma? Ban ji motsinsa ba."

Ba wanda ya amsa. Auta ta waiga ta dubi mijinta, sai yanzu ta gane ƙaryar da ya yi da safe. Ya zargi gaskiyar tun farko, amma ya gwammace a kira shi ɓarawo da ya buɗe baki a gaban 'yan layi ya ce surukinsa ne, tsoho yana kwance ƙarƙashin wuƙar likita. Hawaye suka zubo mata, na jin kunyar zaton da ta yi, da na alfahari da mutumin da take aure.

"Me ya faru?" Baba ya ce. "Shirun nan ba na lafiya ba ne."

Mai Sawu ce ta faɗa masa, a taƙaice, ba ta ƙara gishiri ba, ba ta kuma rage ba. Fuskar Baba ta canza.

"Laifina ne da ban gaya wa kowa ba," ya ce. "Na ji tsoron za ku hana ni, ku ce tsoho ya fara ruɗewa. Amma kai babba, ko ni da ba na gani ban yi makantar da ka yi ba." Ya miƙa hannu cikin iska. "Ɗan nan, matso."

Shiru-shiru ya rarrafo. Baba ya lalubi wuyansa ya ciro wata igiya mai ɗan makulli, ya danƙa masa a tafin hannu ya rufe da nasa.

"Je ka ɗauko. Kada ka buɗe gwangwanin sai sanyin ya sake shi gaba ɗaya, in ba haka ba zai yi gumi."

Mai Sawu ta yi dariya har tabarau ya zame mata. "Baba, ka riga ni. Gaskiyar magana, firiji ba ya yi wa faifai magani, yakan ma kashe shi, kada ka sake. Amma yadda ka rufe shi, danshi bai samu hanya ba. Cire shi da ka yi kuwa shi ya hana a ƙarasa shi da kunnawa."

Washegari ta haɗa shi da na'urarta a shagonta, ta bi shi da lallami, ba ta matsa masa ba. Inda ya turje ta tsallake, ta dawo daga baya. Wajen yamma ya yi ƙas ɗinsa na ƙarshe ya tsaya. Wasu hotunan sun tafi, ba makawa, amma mafi yawa sun tsallako, har da na mahaifiyar su Auta tana dariya a bakin shago, riƙe da Yaya yana jariri. Ta kwashe su a faifai biyu, ta ce ɗaya ya kwana a shago ɗaya a gida, kuma wanda ya sake ce mata sai gobe kada ya zo inda take.

Yaya ne ya zo karɓa. Ya ce ya riga ya ba mijin ƙanwarsa haƙuri a gida.

"A gida ka kira shi ɓarawo?" ta tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai.

Da safe, lokacin da layin ya cika, masu shaguna na ɗaga ƙofofi, Yaya ya tsaya daidai inda ya tsaya ranar. Ya ɗaga murya har mai walda ya kashe inji. Ya ce shi ya yi wa mutumin nan ƙazafi, shi ya ƙi jin shawararsa, kuma yana roƙon gafara a gaban duk wanda ya ji zagin.

Kowa ya zuba wa Shiru-shiru ido. Auta tana bayansa.

"Ya wuce, Yaya," ya ce. Ya miƙa masa hannu suka gaisa.

"Shi ke nan?" in ji tela. "Duk abin da za ka ce ke nan?"

Ya ɗan yi tunani, ya taɓa makullin da ke rataye a wuyansa.

"Baba zai zo ganin hotuna in an kwance idon," ya ce. "Bari in share kanta."

Ya ɗauki tsumma ya shiga. Auta ta bi shi da sauri ta riƙe masa hannu kafin ya kai ga ƙurar, ta ce ya bar sawun nan tukuna, Baba ya fara gani da idonsa.